Numfashin Ɗan Farin Zulaiha

A Bulkachuwa an san Zulaiha 'yar Malam Gidaɗo da abu biyu: ɗinkin hula da kunya. Kafin sa'o'inta su gama hula ɗaya ta gama biyu, kuma ko zare ɗaya ya kauce sai idonta ya kama shi. Kunya kuwa gado ta yi. A gidansu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ko kallonsa ba ta yi sai ta gefen ido.

Ta auri Uzairu, mai gyaran babur a Azare, ta dawo gida goyon ciki. Cikin bai cika wata takwas ba ta haifi namiji da hantsi. Gwaggonta Jamila ta yi masa wanka, ta naɗe shi da zani da tawul, ta kwantar. Zulaiha ta juya masa baya yadda aka saba.

Amma kunnenta na wurinsa. Duk fitar numfashi sai yaron ya yi wani ɗan nishi ƙasa-ƙasa. Da ɗakin ya zama ba kowa, ta yi maza ta yaye zanin. Ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa. Ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa kamar ana danna shi da yatsa. Ta kalli agogon waya ta ƙirga numfashinsa, ta samu saba'in da takwas a minti ɗaya. Ba ta san nawa ya kamata ba, ta dai san ta sha riƙe jariran mutane, ba haka suke ba.

'Yan barka suka cika ɗaki. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, yaron nan naki kamar yana shan wuya."

Aka kwashe da dariya.

"Au, Zulai, har an fara? Ko cibiya ba ta bushe ba?" in ji wata maƙwabciya.

"Ƙyale 'yan zamani," in ji wata. "Gobe ma a gabanmu za ta yi masa rawa."

Gwaggo Jamila ta miƙa mata ƙwarya. "Nishin maza ne, ubanki ma haka ya yi. Sha kununki."

Ta sha.

Sai bayan la'asar, da yaron ya kasa kama mama, Gwaggo ta fito da shi haske ta ga leɓɓansa sun yi duhu. Aka nemi mota zuwa Azare, Uzairu ya tarye su a can. A asibiti nas ta kware shi, ta sa ido a ƙirjinsa tana duba agogo.

"Jariri in ya wuce sittin a minti akwai matsala," ta ce. "Ga nishi, ga hanci, ga ƙirji na shiga, ga leɓe. Hajiya, yaushe ya fara?"

"Yanzun nan," in ji Gwaggo.

"Tun hantsi," in ji Zulaiha, a gaban gwaggonta da mijinta. "Na ƙirga."

Nas ta dube ta. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya gaya wa Uzairu huhun bai gama ƙwari ba, irin na bakwaini, kuma yaron ya riga ya gaji. Washegari da azahar ya cika, ba a kai ga suna ba. 'Yan gaisuwa suka yi ta yaba mata, wai ko hawaye ba ta yi ba.

Har yau Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Tana nan Azare tana ɗinkinta. Duk gidan da aka haihu ita ce ta farkon zuwa, kuma da an miƙa mata jariri sai ta yaye masa zani, ta kafa wa ƙirjinsa ido, leɓɓanta na motsi. Mata suka fara ƙus-ƙus, wai me take karantawa a kan 'ya'yan mutane.

Kwanan baya ƙanwar Uzairu ta haihu. Zulaiha ta shiga da sabulu da rigar jariri, ta miƙa hannu.

"Barci yake, Anti," in ji mai jegon, ta ja shi jikinta.

Zulaiha ta zauna bakin ƙofa ta kasa kunne. Hirar mata ta cika ɗakin, ba ta jin komai.