Shekarun da Muka Shuka Riɗi Zalla

Gonar mahaifina tana kan hanyar Gadaka, idan ka tashi daga gidanmu na Dogo Nini da keke bayan asuba za ka isa kafin rana ta yi zafi. Tun tasowata a cakuɗe na san ta. Gero da dawa a kunya ɗaya, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsu, gyaɗa a gefen da yashi ya fi yawa, yakuwa ta bi iyaka. Ba mu taɓa cika rumbu da abu guda ba, amma ba mu taɓa dawowa gida hannu biyu ba. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya nuna. In ya yi yawa, dawa ta samu yadda take so.

Bayan girbi wani Bafulatani abokin Baba, wanda muke kira Baffa, yakan sauke shanunsa a gonar. Su ci kara, su bar mana taki. Haka ƙasar take samun ƙarfinta kowace shekara.

Sai dai noman yana cin jiki. Ba dama a yi feshin kashe ciyawa, don zai haɗa da waken, dole sai fartanya. Girbi kuma ba ya ƙarewa, ka gama yankan gero, gyaɗa na jira, ka gama ta, ga roron wake, ga dawa. Lokacin da na zama malamin firamare gwiwoyin Baba sun fara gazawa, ƙannena biyu sun koma harkar lodin shanu a kasuwa, Baffa ma ya daina zuwa.

A makarantarmu akwai wani abokin aikina da ya shuka riɗi zalla, kaka ɗaya ya rufe gidansa da kwano. Na zauna da Baba na yi ta yi masa bayani: feshi sau ɗaya, buhun takin zamani, yanka sau ɗaya, kuma masu saye har bakin gona suke zuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, in ya ƙi fa, me za a dafa?"

Na ce masa mai kuɗi a hannu ba ya rasa hatsi a kasuwa. Daga baya ya ce tunda ni ne mai ƙarfin yanzu, in yi abin da na ga ya dace.

Shekarar farko riɗin ya yi kyau ƙwarai. Muka sayi gero muka ajiye, muka gyara ɗakin Inna da ke yoyo. Na riƙa tafiya a unguwa kamar ni na ƙirƙiro noma. Baba dai ya hana a taɓa zangarniyar geron iri da ya rataye a madafa, irin da ya gada daga mahaifinsa.

Shekara ta biyu aka yi marka. Kwana da kwanaki ruwa bai tsaya ba, ya kwanta a tsakanin kunyoyi. Riɗi ba ya son ruwa a gindinsa. Na je na tarar ganyen ya yi rawaya, bayan mako guda karan ya yi baƙi, in ka ja shi sai ya fito ba saiwa. Daga wannan iyaka zuwa waccan babu abin da ya tsira, ko yakuwar miya, don na kashe ta da feshi. A gonar maƙwabcinmu kuwa dawa tana tsaye cikin ruwan, koriya shar.

Hatsi ya yi tsada a shekarar, albashina ba ya kai mu rabin wata. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar Inna tana sussukar geron irin nan. Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta ce shi ya sauko da shi da hannunsa, don jikokinsa sun wuni ba su ci ba. Kwana uku muka yi muna shan kununsa.

Da damina ta zagayo na ce mu koma noman da. Na sayo iri a kasuwa, na shuka gero da dawa da wake. Geron bai wuce ƙuguna ba, ƙuduji ya cika gonar. Ƙasar ta daɗe ba ta ga kashin shanu ba, takin zamani kuma ya fi ƙarfina.

Na je kasuwar shanu neman Baffa. Na same shi a ƙarƙashin wata rumfa, ya zama dillali. Na roƙe shi ko zai sa a kai mana shanu bayan kaka. Ya ce burtalin duk an nome shi, 'ya'yansa sun ƙi daji, ya sayar da garken ya sayi gida.

"Ɗana," in ji shi, "shanun da kake gani nan duk na mota ne. Gobe sun yi kudu."

Yanzu Baba ba ya fita sai masallacin ƙofar gida. Maƙwabcin nan mai dawa ya rasu, magadansa sun yanka gonar fuloti-fuloti, an kafa duwatsu. Masu sayen filin sun zo wurinmu sau biyu, ƙannena kuma sun ce a sayar da gonar kowa ya huta.

Makon jiya hadari ya taso ta gabas, muna zaune da Baba a zaure. Ya tambaye ni me zan shuka bana. Na ce ban sani ba tukuna. Ya gyaɗa kai, ya ce in mutanen fulotin sun dawo, in shigo da su ya gan su.