Tarin Motar Marigayi Ɗan Jimo

Har gobe ban manta da ranar da na lalata aikina da hannuna a Gidan Sori ba. Ku da kuka zo garajin nan daga baya, ku ji.

Lokacin ban daɗe da riƙe garajin ba bayan rasuwar maigidana, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Wani Issufu na Gidan Sori ya kawo tsohuwar katsankat, motar Fijo ta mahaifinsa, marigayi Ɗan Jimo, wanda ya shekara da shekaru yana kai marasa lafiya asibiti da ita. Motar ba ta tashi sai da turi, kuma in ta tashi sai tari da harbi kamar bindiga. Matar Issufu na da tsohon ciki, yana so motar ta tashi da kile ɗaya, da an murɗa makulli.

Ciwon a delko yake, abin da ke raba wuta ga buji huɗu. Tsohon delkon na da ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, sun cinye. Na cire shi, na daidaita alamar injin, na sa sabon na zamani, na haɗa wayoyinsa biyu a bobin, abin da ke ba shi wuta. Takardarsa ni na karanta, harafi harafi. Injin ya koma sumul.

Na tuƙa, ni da Issufu muka tafi gwaji garinsu bayan azahar. Muka shiga garin ba wanda ya leƙo. A da tun daga nesa ake jin ta, a fito bakin hanya. Ran nan masu daka suka aje taɓare suka shige gida. Ko kare bai yi haushi ba.

Muka tarar naƙuda ta kama matar tun hantsi, jini na zuba. Uwar Issufu, Inna Hajo, ta tsaya a ƙofa.

"Ba ta shiga wannan. Mai ita ya tafi da muryarta. Wagga gawar mota ce."

Na ce, "Inna, ƙarfe ne. Ni na gyara shi."

"Ɗiyata, ke kika san ƙarfe. Ni na san mai tafiya ba motsi."

Ni ba mai lallashi ba ce, kuma ba lokaci. Na buɗe kapo, murfin injin, na kwance ƙusa, na murɗe sabon delkon har wuta ta riƙa zuwa a makare. Motar ta yi tari, ta harba sau biyu.

Tsohuwar ba ni ta kalla ba. Kujerar gaba ta kalla, inda ba kowa, ta ce a hankali, "To, ya shigo. Ku ɗauko ta."

Har matanite ta Cadakori, inda ake haihuwa, ban juya dama na kalli kujerar nan ba. Issufu ma a baya ya matsu, ya bar kujerar. An haihu, uwa da ɗa suka tsira.

Tun ran nan, kafin in kashe wa tsohuwar mota wata ƙara, sai na tambayi wa ke saurarenta.