Geron da Aka Noma Domina

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, cocinmu ya rame. Ba wanda ya kori kowa a ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Daura zuwa Dutsi, kuma maƙwabtanmu Musulmi ba su daina aiko mana da naman Sallah ba. Labaran da ke zuwa daga wasu garuruwa ne suka tsorata baƙin da ke cikinmu, malaman makaranta da masu shago 'yan kudu, suka kwashe iyalansu suka tafi. Su ne masu karatu a sujada, su ne masu koyar da yara, su ne masu jan waƙa. Aka bar mu manoma, jikokin Maguzawa, da tsohon Fasto wanda yanar ido ta fara rufe masa gani.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare a Daura, ina zuwa a keke. Ni ba mai magana ba ne. Idan babba ya yi mini magana, ƙasa nake kallo. Wata rana bayan sujada Fasto ya kira ni.

"Ɗana, za ka riƙa yi mana karatun Littafi ranar Lahadi?"

"To, Baba."

Daga nan abin ya fara. Bayan karatu aka ba ni ajin yara, tunda ba malamin addinin Kirista a firamaren garin. Aka ƙara mini jan waƙa duk da muryata ba ta kai bencin baya. Ranar Laraba nazarin Littafi, ranar Asabar masu shirin baftisma, sannan in raka Fasto gaisuwar marasa lafiya ina riƙe masa hannu a kan kunyoyi. Duk wanda ya kawo aiki, amsa ɗaya yake samu, kaina a sunkuye.

Kuma ba na yin abu rabi da rabi. Sunayen sarakunan Yahuza masu wuyar faɗa, a kan keke nake maimaita su har su zauna a bakina. Ranar Lahadi sai in karanta ba tuntuɓe, tsofaffi suna gyaɗa kai suna cewa Ruhu ne. Ni kuwa na san ban ji ko kalma ɗaya daga abin da na karanta ba, hankalina yana kan kada in yi kuskure. Addu'ata ta kaina ta bushe. In na durƙusa, ayyukan gobe ne ke zuwa mini.

Wata Lahadi kafin ruwan shuka, Fasto ya miƙe ya ce shi da dattawa sun daɗe suna addu'a a kan wanda zai gaje shi, kuma Allah ya nuna musu wanda ya kira. Ya ambaci sunana. Ya ce bana duk abin da gonar coci ta bayar, na kai ni makarantar Littafi Mai Tsarki ne. Mata suka rangaɗa guɗa. Na sunkuyar da kai kamar kullum. A bayana wata ta ce, "Ku dubi tawali'u, don Allah."

Matanmu manoma ne tun kaka da kakanni, kuma zumuntar mata ce ta ɗauki gonar. Suka kai taki a ka, suka yi shuka, suka yi noman fari da maimai, bayan kowacce tana da tata gayaunar da ke jiranta. Innata ce take riga kowa zuwa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta taɓa cewa ta ji daɗi ba. Da hauyarta ta faɗa. Ta ina zan fara yi mata maganar?

Akwai aiki ɗaya da ba wanda ya ba ni. Kakata ta wajen uba tana da gyambo a ƙwauri, ya yi shekaru. Mai shagon magani ne yake wanke mata, kuma kafin ya bi sauran baƙin ya bar garin na tsaya na ga yadda yake yi. Da ya tafi, ƙudaje suka fara binta, sai na ɗauka. Kowace safiya kafin makaranta in tafasa ruwa da gishiri, in tafasa tsumman ɗaurin ciwon, in wanke hannuna, in zauna a gabanta.

"Angona ya iso," in ji ta. "An ce za ka zama Fasto. Wa zai ji wa'azinka, kai da ko akuya ba ka iya kora da murya?"

"Kaka, daina motsa ƙafar."

"Ka ji shi! A nan bakinka yake buɗewa, a kan tsohuwa. Auren nan namu na gaji da shi, kullum gishiri, ko goro babu."

"In ya warke zan kawo miki."

"In ya warke ai saurayi zan nema."

Ina lura da bakin ciwon, inda ya yi ja mai kyau da inda ya yi fari, da warinsa in ya canza. Ban taɓa makara a wannan aikin ba, ban taɓa jin nauyinsa ba. Kuma a nan ne kaɗai nake kama kaina ina addu'a ba tare da na shirya ba, ina cewa a raina, Ubangiji, ka rufe wannan gefen. Idan na taso daga makaranta, sai in bi ta gaban makarantar koyon aikin lafiya ko da ba hanyata ba ce, in rage gudu ina kallon ɗalibai cikin fararen kaya.

Tun gero yana guiwa na san inda Allah yake ja na. Abin da ya rage in buɗe baki, shi ne kuma na kasa. Sau da yawa na je ƙofar Fasto da maganar a shirye, in gaishe shi, ya ce, "Yauwa, ɗana, dama ina nemanka," in fito da sabon aiki.

Sai na fara neman wanda zai yi maganar a madadina, na kuwa sa rai a kan gonar. Da ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci a tsakiyar damina, aka taru a coci ana roƙon Allah, ni ne na karanta nassin, amma a ƙasan zuciyata ina fata kada ya sauko da wuri. Idan gonar ta ƙi, ba kuɗin makaranta, ba wanda zai ce na ƙi kiran Allah. Na riƙa bi ta gefen gonar ina duba gindin gero ko wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe hatsi, ta fito. Ina yi ina gaida matan da ke duƙe a ciki, suna amsawa, "Sannu, ƙaramin Fasto."

Ruwa ya dawo. Geron ya yi kyan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba a wannan gonar, zangarniya kamar hannun ƙato.

Ranar ɗaurin dammuna na gama wanke wa Kaka ƙafa, na wuce gidan Fasto. Wannan karon ban bari ya gama amsa gaisuwa ba.

"Baba, ba zan iya zuwa makarantar ba. Aikin asibiti nake so in koya. Ina ganin can ne Allah yake kirana."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ana noman fari."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Baba."

"Duk ayyukan nan da nake ba ka fa?"

"Ban iya cewa a'a ba ne."

Ya daɗe yana murza sandarsa. Sannan ya ce, "Na tambayi Allah, na tambayi dattawa, kai ne kaɗai ban tambaya ba. Wannan laifina ne, zan faɗa ranar Lahadi. Amma ba ni na riƙe hauya ba, ɗana. Matan suna gona. Je ka faɗa musu da bakinka."

Na so ya zage ni ya sallame ni, da ya fi mini sauƙi.

Na same su a inuwar tsamiya suna shan kunu, dammuna a jere a bayansu. Uwar zumunta, mace mai jiki da murya, ita ta fara gani na.

"Ku matsa wa ƙaramin Fasto! Ka zo ganin dukiyarka?"

Na durƙusa daga nesa na faɗi abin da ya kawo ni. Ba wadda ta ji.

"Ɗaga murya, yaro. A coci ai muna jin ka."

Na sake faɗa. Wannan karon sun ji. Ludayi ya tsaya a hannun mai sha. Wata tsohuwa ta dafa bayanta ta ce, "Kai! Duk ƙugun nan da ya ƙage?" Wata ta ce dama ita ta ga yaron nan ba ya dariya tun da aka yi sanarwar. Ban ɗaga ido ba, amma na ga ƙafafun Innata sun miƙe. Ta gyara gammo, ta ɗora dami a ka ba tare da ta nemi a taya ta ba, ta kama hanyar gari.

"Ka tabbata Allah ne, ba farar riga ba?" in ji uwar zumunta.

"Na yi addu'a, Mama."

"Mu ma mun yi, ga shi kuwa." Ta nuna dammunan da haɓa. Aka ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, ba za mu ɗaure ka mu kai ka ba. Gero na Allah ne, a zuba shi a rumbun coci har mai shi ya fito. Amma yau ba wadda za ta ƙara ɗaukar dami saboda kai. Tashi, likita."

Suka zauna a inuwa suka ci gaba da shan kununsu, ni kuma na fara jigila tsakanin gona da rumbu. Ban saba ba, ƙaiƙayi ya cika mini riga, wuyana ya sage, yara suka fito suna kallo. Duk dawowar da na yi sai in wuce ta gabansu, ba mai ce mini sannu. Rana ta karkata kafin na zo kan dami na ƙarshe. Uwar zumunta ta taso da kanta ta ɗora mini shi, ta riƙe shi ba ta saki ba.

"Wata rana in za ka ce a'a," ta ce, "ka faɗa tun ƙasa tana bushe."