Farin Ɓera Da Idon Babana

Jama'a, wannan labarin ba ji na yi ba, da ni ya faru, kuma wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige don kunya. A shekarun nan ne na tsanani, lokacin da yajin aiki ya rufe jami'o'i wata da watanni, kwanon masara kuma ya fi ƙarfin talaka. Ina karatun digiri na biyu a Kano, bincikenmu a kan yadda ciwon suga yake cin ido. Garinmu kuwa wani ƙauye ne can arewa da Ungogo, irin wanda in ka fita ta bayan gidanku sai ka taka gonar maƙwabci.

Aikina, in gaya muku gaskiya, yi wa fararen ɓeraye allura a ido. Sai an sa ɓeran barci, a kwantar da shi ta gefe, a ɗiga masa maganin kashe zafi, sannan ka kafa ido a madubin ƙara girma ka ɗauki allura siririya kamar gashi, ka shiga ta gefen idon kana karkatar da ita baya. Dole ka karkata, domin ƙwayar da ke tsakiyar idon ɓera babba ce, ta kusan cika shi, in tsinin ya shafe ta sai yanar ido ta fito, idon ya yi fari fat. Idon hagu kaɗai muke yi wa, na dama ba a taɓa shi, da shi ake gane bambanci. In an gama sai a shafa musu mai a duka biyun, saboda ɓera ba ya rufe ido a wannan barcin, kallonka yake ƙur har ka gama.

Akwai wata mace a cikinsu da hannuna ya yi rawa a kanta, idonta na hagu ya yi fari. Na gaya wa malamarmu, ta ce kowa da haka ya koya, a dai cire ta daga binciken. Sai na shafa mata shuɗin tawada a wutsiya don kada ta cakuɗe da sauran, nake kiranta Mai Shuni.

To ni ɗan fari ne, Baba ba ya faɗin sunana. Tun ranar da na ce masa ina binciken ciwon ido ya sa min Likita, ya kuma baza a majalisa cewa ɗansa likitan ido ne. Na ce Baba ni ba likita ba ne, ya ce mai aikin ido ai likitan ido ne. Zancen ɓeraye kuwa ban taɓa yi masa ba. Shi kansa suga ya fara cin idonsa, hazo yake gani, in ka yi sallama sai ya gane ka da murya.

Da yajin aiki ya yi nisa aka daina kawo wuta ɗakin dabbobin, mai ba su abinci ya daina zuwa, sai malamarmu ta ce in tafi da su gida in riƙa duba idanunsu, tunda an riga an gama allurar. Na ɗauko keji-kejin a adaidaita, na rufe da buhu ina addu'ar kada in tarar da kowa. Ina! La'asar sakaliya ce, majalisa a cike ƙofar gidanmu. Baffana, ƙanin Baba, shi ya ɗaga buhun.

"Innalillahi! Likita, waɗannan ne marasa lafiyar naka? Mu muna fama da toshe rumbu, kai ka kawo mana iri daga birni?"

Aka kwashe da dariya. Baba yana ta juya kai yana tambayar mene ne, ba wanda ya iya ba shi amsa sai Baffa: "Ɓeraye ne, Yaya. Farare tas, 'yan boko."

Sai Baba ya ce, "To. A kai su ɗakin baya kada ruwa ya dake su." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Lokacin marka ce, dawa ta yi tsayi amma rumbu ba komai, gidanmu an koma tuwo sau ɗaya. Abincin da na taho musu da shi ya ƙare, sai ga ni ina auna dusa da tsakin masara ina kai wa ɓeraye. Inna kuwa sai dai ta bi kwanon da kallo. Wata rana Baba ya kira ni ya ce in kwatanta masa yadda ake allurar. Na kwatanta tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "To ta mutane fa, ba ka da ita?" Na ce Baba wannan gwaji ne, ba a kai ga mutane ba, kai asibiti za mu koma. Ya ce, "Allah Ya ba su lafiya." Su ɓerayen yake nufi, kuma wallahi ba gatse ya yi ba.

Ranar wata Juma'a Baffa ya ɗauki Baba a babur suka tafi masallaci garin gaba, ni na tsaya wanke keji da niyyar in bi su a keke. Rana tsaka, gari tsit. Na fito zubar da ruwa sai na ga wata tsohuwa tsugune a bakin ɗakin ɓerayen, 'yar mitsitsiya, fara sol, ta lulluɓa da farin mayafi. Ban san ta ba, alhali a ƙauyenmu har akuyar kowa na sani. Na gaishe ta, na ce Iya cikin gida za ki? Ta ce a'a, wurin mai allurar ido ta zo. Na fara ba ta haƙuri cewa ni ba likita ba ne, sai ta ɗago fuska. Idonta na hagu fari fat.

"Na san aikinka," in ji ta. "Ruwan da kake ɗigawa yana da sanyi. Kana shiga ta gefe, kana riƙe numfashi. Ranar nan ne dai hannunka ya yi rawa."

Na rantse da Allah sai na zauna daɓas a ƙasa. Na shiga yin a'uziyya a zuci. Ta ce kada in tsorata, ba ƙara ta kawo ba, tambaya ce da ita: idon nan da aka karɓa a wurinta, wa aka ba? Na ji bakina yana faɗin abin da aka koya mana, cewa don masu ciwon ido ake yi, wata rana za su amfana.

"Wata rana," ta maimaita. "Ga mai ciwon ido a gidanku. Shi ya ce a shigar da mu daga ruwa."

Na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama a gonar mutane. Ta miƙe da kyar tana cewa tunda ban iya ba, ita za ta kai masa. Ta bi ta gefen katanga ta shige cikin dawa, bakin mayafinta yana jan ƙasa, kuma a daidai ƙarshensa na ga shuɗi, irin na tawadata.

Juma'ar da ban samu ba ke nan. Da na samu ƙarfi na shiga ɗakin, Mai Shuni tana kejinta, ƙofa a kulle yadda na bar ta. Na ɗaga ta wajen haske. Idon dama, wanda allura ba ta taɓa kusanta ba, wanda da safen nan na gan shi ja garau, ya yi fari kamar ɗan'uwansa.

Ina tsaye da ita a hannu na ji hayaniya a ƙofar gida. Baba ne, ya sauka daga babur ba wanda ya riƙe shi, yana nuna mutane ɗaya bayan ɗaya yana faɗin kalar rigunansu. Wai ana cikin huɗuba ya ji sanyi a idonsa na dama kamar an ɗiga masa ruwa, hazo ya washe. Da ya hango ni ya ce, "Likita, ashe haka ka rame?" Sai ya fashe da kuka, ni ma na fashe.

Na kai shi asibiti daga baya, suka ce in suga ya sauka gani yakan ɗan gyaru. Malamarmu ta ce yanar ido takan fito wa ɓera haka kawai. Inna ta ce ba ta ga kowace tsohuwa ba. Na yarda da kowa, sai dai ni na san abin da na gani.

Abin da ya fi damuna, Baba ya ƙi yarda ba ni na yi masa magani ba. Na rantse, na sake rantsewa, sai ya yi murmushi ya ce wa Baffa kunya ce irin ta ɗan fari. Da idon nan ya ga girbin shekarar, da shi ya ga 'yata ta fari, har ya koma ga Allah yana sa min albarka a kan abin da ban yi ba. Mai Shuni kuwa ban mayar da ita makaranta ba, a hannu na riƙa ba ta abinci har ta mutu, na binne ta a bakin gonar.

Don Allah wanda tsohonsa yake da suga ya kai shi a duba masa ido tun da wuri, kada ya jira wata rana. Ku kuma masu aiki irin nawa, ku tausasa hannu. Har yanzu ina wannan aikin, amma ban ƙara ɗaukar allura ban yi bisimilla na nemi afuwa ba, domin idon nan da yake buɗe yana kallonka, ba ka san wa ke bayansa ba.