Ya Fanna, Mai Jin Ciwon da Ba Ya Fitowa a Gwaji

Duk wanda ya zauna a Gashuwa cikin shekarun casa'in ya san fitowar Ya Fanna Ibram da safe. Rana na ɗagowa kaɗan za ka hango ta cikin fararen kayan aiki, ta yafa mayafi ruwan toka, jaka a hammata, tana tafe tana "wushe, wushe", gaisuwar Barebari, da masu tuyar ƙosai da masunta masu dawowa daga kogi. Ba ta hawa mashin sai in ruwan sama ya tsare hanya. Idan ta isa asibiti, kafin ta taɓa komai sai ta ɗauko kujeru biyu ta kai gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke bayan ɗakin magani, ta ajiye su suna fuskantar juna. Ɗaya tata, ɗaya ta duk wanda Allah ya kawo.

Ma'aikaciyar jinya ce, amma irin marasa lafiyar da ake turo mata daban ne. Su ne waɗanda aka auna jini aka ce lafiya, aka duba zuciya aka ce lafiya, su kuma suka rantse ba lafiya ba. Wani ya ce ƙirjinsa na dukan uku-uku, wata ta ce abu na yi mata yawo a ka. Ya Fanna ba ta saurin rubuta magani. Sai ta tambaya: "Yaya barci? Yaya cin abinci? Me kike jin daɗinsa a da, wanda yanzu kin daina?" Daga nan ta yi shiru. Wannan shirun nata ya fito da maganganun da aka yi shekaru ana haɗiyewa.

A wancan zamani babu wayar hannu, saƙo sai ta bakin direba. Sau biyu a wata takan shiga mota ta je Nguru ranar kasuwa ta duba mutanenta. A irin wannan zuwan ne, cikin shekarar 1997, wata mata mai suna Safiyatu ta tare ta a tasha, ta riƙe gefen mayafinta.

"Yaya, don Allah ki zo ki ga maigidana. Wata bakwai ke nan bai taka kasuwa ba."

Maigidan shi ne Alhaji Sabitu, babban mai sayar da bandar kifi, wanda kakanninsa suka zo daga Haɗejiya. Shi ya ba ni labarin nan da bakinsa, ya kuma ce in faɗi sunansa. Wata rana suna dawowa daga Gashuwa shi da ƙaninsa Hashim, taya ta fashe, mota ta kife. Shi ya fito da ƙujewa kawai, Hashim kuwa bai tashi ba. An yi zaman makoki an watse, kowa na yaba haƙurin Alhaji. Sai bayan arba'in abin ya fara. Da ya ji ƙarar mota sai gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, numfashi ya ƙi shiga, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya daina tafiya. Ya daina bin hanyar tasha. Daga baya kasuwar ma ya bar wa yaransa, ya koma ɗaki ya saki labule. Mutumin da a da ake jin dariyarsa daga rumfa ta uku, ya zama ko wanka sai an yi da gaske.

Ya Fanna ta same shi a kan tabarma, ya juya wa ƙofa baya. Ta gaishe shi, ta zauna nesa kaɗan, Safiyatu na gefe.

"Malama, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "An auna ni, an ce ba ni da komai."

"Na yarda ba a ga komai a jini ba, Alhaji. Amma ni na ga mutumin da ya rame. Faɗa mini yadda abin ke zuwa."

Ya faɗa mata, da ƙyar da farko, daga baya kamar an ɓalle madatsa. Da ya gama, ta ce: "Ciwo biyu ne a tare da kai, ɗaya ne ya jawo ɗaya. Na farko fargaba. Ita ta hana ka mota, ta hana ka kasuwa, ta raba ka da jama'a. Da ka rasa duk abin da ke faranta maka rai, sai ƙuncin rai ya samu wurin zama. Shi kuma kullum yana raɗa maka cewa ka gama amfani, ba za ka iya komai ba, sai fargabar ta ƙara ƙarfi. Kowanne ciyar da ɗan'uwansa yake yi."

Alhaji ya ɗago kai a karo na farko. "Wato ba raunin imani ba ne?"

"Mai hawan jini in ya sha magani, imaninsa ya ragu? Ka riƙe addu'arka da kyau, mu ma mu yi namu." Sai ta sassauta murya. "Zan tambaye ka abu ɗaya, ka gaya mini gaskiya. Ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?"

Babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar Hashim. Ya Fanna ta bar shi ya yi. Sannan ta gaya masa abin da ba ta cika gaya wa kowa ba: ita ma bayan rasuwar mijinta ta yi wata biyar tana zuwa aiki da jiki kawai, abinci kamar ƙasa a bakinta. Da ta farfaɗo ne ta nemi a tura ta karatun lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ranar ba ta koma Gashuwa ba sai da ta kawo likita har gida aka ba shi magani. Ta ja masa kunne cewa sai ya yi makonni kafin ya ji aikinsa, kada ya daina. Ta ce wa Safiyatu kada a riƙa barin sa shi kaɗai, kuma a ɗage labulen nan. Ta koya masa jan numfashi ta hanci a hankali, da sakin sa ta baki a hankali fiye da haka, duk lokacin da gabansa ya fara faɗuwa. Ta rage masa goro da shayi mai kauri. Ta ɗora masa aiki ɗaya tak a rana: makon farko, sallar la'asar a masallacin ƙofar gida, na biyu, zaman rabin awa a rumfarsa ko da bai ce uffan ba.

Tasha ce ta fi wuya. Ya Fanna ta roƙi wani direba ya bar shi ya zauna cikin motar da ba a tayar ba. Ranar farko da aka kunna inji, Alhaji ya ɓalle ƙofa ya fita a guje, har hularsa ta faɗi. Ya aika mata cewa ya haƙura, abin ya fi ƙarfinsa. Da ta zo ta ce: "Minti nawa ka yi kafin ka fita?" Ya ce kamar biyar. Ta ce: "Wata uku da suka wuce ko ƙofar ɗaki ba ka kaiwa. Tashi mu je mu yi shida." Bayan damina, shi a gaba, ita da Safiyatu a baya, suka yi tafiya har Jajimaji. Ya jiƙe sharkaf da gumi, amma ya sauka da ƙafafunsa, ya sayi rake ya raba wa duk 'yan motar.

Ya Fanna, ke ce mai kunnen da ba ya gajiya. Ke ce kika je Katuzu a bayan a-kori-kura don wata mai jego da ta daina kallon jaririnta, kika zauna da surukarta har ta gane ba taurin kai ba ne. Ke ce kika koya wa mutanenmu cewa ba duk mai shiru ne mai haƙuri ba, wani ciwo ke cin sa. Ba a taɓa sa sunanki a rediyo ba, amma akwai gidaje a Nguru da Dapchi da Gashuwa da ake dafa tuwo a yi dariya a cikinsu yau saboda kin ratsa ta wurin.

A ƙarshen watan jiya na wannan shekara ta 2008 ta ajiye aiki. Da na je na gaya mata zan yi rubutu a kanta, sai ta kama baki. "Ni kuma? Me na yi? In dai za ka rubuta, ka rubuta cewa ciwo ne, kuma ana warkewa. Sunana ko ka bar shi."

Na rubuta, Ya Fanna, amma sunan ban iya bari ba. Mun gode. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ba ki lafiya da tsawon rai. Mu kuma da muka rage, ba sai mun yi karatun jinya ba. Idan ka ga maƙwabcinka ya kwana uku bai fito majalisa ba, ka tashi ka yi masa sallama. In ya ce lafiya lau, kada ka yi saurin tafiya. Zauna, ka sake tambaya.