Jirgin da Na Zana da Alli

Na san abubuwa da yawa na shekarun karatuna a birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, za su gushe mini, amma ban da yammacin Asabar ɗin da na zana jirgin ruwa da alli a ƙofar gidan Antina. Har yau idan na tuna, sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai, ko da a cikin bas nake.

A shekarar ce kakata ta wajen uwa ta zo mana ziyara daga Zariya. Wata rana autarmu ta tambaye ta yadda teku yake, tunda ta tsallako shi a jirgin sama. Kaka ta ce ita ba ta ga komai ba, kujerarta a tsakiya take, kuma wani ƙaton mutum ya tare tagar yana ta minshari har aka sauka. Da dariya ta faɗa, amma maganar ta zauna wa Baba a rai. Ba a daɗe ba ya sanar cewa idan an yi dogon hutu za mu shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, mu da gidan Anti, ƙanwar Mama, don Hajiya, wato Kaka, ta kalli teku har ta gaji.

Ni aka ɗora wa rabon ɗakuna. Mama ta ce tunda har takardar cikin kwalin magani sai na karanta ta tas, ba wanda ya fi ni dacewa. Na ji daɗi sosai, don aiki ne da nake tsammani ba ya buƙatar in yi magana da kowa.

Mu tara ne: Baba, Mama, Kaka, Anti, ni, sai ƙanena da ɗan Anti, samari biyu da muryarsu ta fara fashewa, sai 'yar Anti mai shekara sha shida, sai auta. Ɗakuna uku muka samu kusa da juna. Biyu manya ne masu taga, kowanne yana ɗaukar mutum huɗu, da wata ƙofa a bangon da ya raba su. Na ukun ɗan ƙarami ne a tsallaken hanya, gado biyu, babu taga. Dokar jirgin ta ce ba a barin yara su kaɗai, kowane ɗaki sai da babba. Dokar gidanmu kuma, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, ta ce samari ba sa kwana ɗaki ɗaya da 'yan mata.

Na juya, na juya, na fito da tsarin da nake ganin ba shi da makusa. Baba da samarin a babban ɗaki ɗaya. Mama, Kaka, auta da 'yar Anti a na kusa da shi. Ni da Anti a ɗan ƙaramin. Ba zan ɓoye ba, na san Anti da saurin barci, na riga na hango kaina kwance da littattafaina babu mai ce mini tashi.

Damuwata guda, kowa ya ji kalmar ɗaki sai ya hango na otal. Anti tana ta zancen zuwa da babbar kularta, Mama tana ƙirga atamfofi. Ni kuwa ba na iya gardama da baki. Shi ya sa a ranar da ya kamata in tura wa kamfanin sunan kowa da ɗakinsa kafin su tashi aiki, na ari tef ɗin ɗinkin Mama da allin wasan auta mai kala-kala, muka nufi Pleasant Garden, unguwar su Anti. Gidan Anti yana da doguwar hanyar siminti daga titi zuwa gareji. A nan na durƙusa na zana ɗakunan uku daidai girmansu, da gadaje, da banɗaki, da taga, da ƙofar tsakiyar nan da jan alli.

Ban taɓa ganin danginmu sun zama yara irin na ranar ba. 'Yar Anti ta miƙe a kan gadon alli tana ɗaukar kanta hoto. Samarin suka shige ɗan ƙaramin ɗakin suka ce sun kama, ƙanena yana zuba mini hujjoji da Turanci kamar lauya. Auta ta naɗa kanta matuƙiyar jirgi, ta ce duk wanda ya taka ciyawa ya faɗa ruwa. Anti ta jawo kularta ta dire a tsakiyar ɗaki, sai ga shi babu inda za ta ajiye ƙafa.

"Wannan ɗaki ne ko akwati?" in ji ta. "Ke, kin tabbata tef ɗin Yaya bai yanke ba?"

Wani tsohon Bature maƙwabcinsu da ke kan injin yanke ciyawa ya rage gudu yana kallonmu. Anti ta ɗaga masa hannu daga tagar alli kamar mai barin gari, shi ma ya cire hularsa ya kaɗa mata. Muka bushe da dariya.

An kawo wa Kaka kujerar roba aka ajiye ta daidai tagarta. Auta ta zana mata kifaye a waje. Kaka ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Malama, tekun naki ya ƙafe." Malama take ce mini saboda littattafai. Amma na ga yadda idonta ke haske, har tana tambayar auta wane kifi ne babba.

Saura Baba, yana can filin da ke bayan gidan yana gasa kaji. Aka kira shi ya zo ya ga ɗakinsa. Yana isowa bakin layin alli sai ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya gaida Kaka kamar yadda ya saba. Yaran suka tuntsire ganin an tuɓe wa zane takalmi. Ni ma na yi murmushi, kuma da ina da wayo da a nan na tsaya na yi tunani. Sai na gyara murya, na nuna jan layin nan cike da alfahari.

"Baba, ga abin da ya fi kyau. Nan ƙofa ce. Idan aka buɗe ta, ɗakinka da na su Kaka sun zama ɗaya."

Auta ta yi kamar ta murɗa marfi, ta tsallaka, ta kamo hannun Baba. "Baba ka gani, kana tashi daga barci ga Kaka."

Baba ya ɗaga kai ya kalli sama kamar mai neman hadari, ya ce yana jin kajin nan sun fara ƙonewa, ya juya da sauri ya bar takalmansa a bakin layi. Mama ta duƙufa a kan wayarta. Kaka ta gyara mayafi a hankali, ta daina kallon kifayen.

"To, ku je ku dawo lafiya," in ji ta. "Ni dama ƙafar nan tawa ba ta son sanyin ruwa. Zan tsare muku gida."

Ƙafar da ta yini tana zagaya kantunan titin Wendover da ita jiya-jiya. Anti ta ja ni gefe, tana danne dariya da ƙyar.

"Duk karatun nan naki, kin taɓa ganin babanki ya kai loma baki a gaban Inna? Kin taɓa jin ta kira sunansa? Me kike tsammani ya sa take zaune a gidana ba a naku ba?"

Na ce ai don gidanmu ƙarami ne.

"Ƙarami. Ke kuma kika ɗauki suruki da surukarsa kika raba su da ƙofa ɗaya, ta ji tarinsa ya ji nata."

Ina ƙarama aka kawo ni ƙasar nan. Na san ana kunyar surukai, na karanta, har na taɓa yin rubutu a kai a makaranta. Ban dai taɓa lura cewa a gidanmu ake yi ba.

Rana ta fara yin ƙasa, lokacin tura sunaye yana ƙaratowa, kuma idan Kaka ta ce ta fasa, tafiyar duka ba ta da sauran ma'ana. Sai na shiga jan mutane da hannu daga ɗaki zuwa ɗaki. Na ce a mayar da Kaka ɗan ƙaramin, ni da ita. Daga can wajen gashi Baba ya ɗaga murya, ba tare da ya juyo ba, ya ce ɗakin da ba taga ba na Hajiya ba ne, don taga aka shirya tafiyar. Na ce to Baba ya koma ƙaramin da yaro ɗaya, sai ɗayan ya rasa wurin zuwa, suka kuma rungume juna suna cewa ba mai raba su. Samarin suka sake kawo ƙoƙon bararsu a bar su su kaɗai, na ce doka ta hana. 'Yar Anti ta ce ita a ba ta kwale-kwalen ceto ta kwana a ciki. Auta tana ta ihu cewa rabinmu sun faɗa ruwa. Kowa yana dariya, ni kaɗai hawaye ke neman zubo mini.

Sai Kaka ta ce in kawo mata ruwan sha. Da na durƙusa na miƙa mata, ta riƙe kofin ba ta sha ba, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, ɗan ƙaramin nan na mutum nawa ne?"

"Biyu, Kaka."

"To a duk taron nan, su wa da wa ne mutum biyu?"

Ta ɗan karkata haɓarta wajen Mama, wadda ita ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunanta, sannan wajen Baba da ke can cikin hayaƙin gashin kaji.

"Samarin kuma ga uwarsu nan mai baki. Ɗaya ɗanta, ɗaya ɗan yayarta. A ba ta su, ta ɗanɗana."

Na juya lissafin a kaina, ya zauna daram. Na gwada kowa da kowa a ɗakin nan, ban da su biyun. Ban taɓa tunanin Baba da Mama a matsayin mutum biyu ba. A wurina Baba ne, da Mama, da mu a tsakiya.

"Kaka, ki faɗa musu mana."

"Da wane bakin? Ke aka ba aiki. Ni kuma ban ce miki komai ba."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ni ce zan tsaya a gaban kakata in raba wa iyayena ɗaki. Na taka zuwa tsakiyar zanen, na tafa hannu sau ɗaya. Baba ya matso da farantin kaji, ya tsaya nesa kaɗan.

"An canza tsari," na ce. "Ni da Kaka da 'yan mata a ɗaki mai taga. Ƙaramin kuma, Baba da Mama."

Anti ce ta fara ganewa. Ta dafe hanci ta rangaɗa guɗar da ta sa tsohon Baturen nan kashe injinsa.

"Amarya da ango. Alhaji, ashe da biki za mu je teku."

Mama ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ai auta ba ta barci sai da ita. Auta ta ce ita wajen Kaka da kifaye za ta kwana. Baba ya kalli farantin hannunsa, ya ce, "To, idan dokar jirgi ce, ya za a yi."

"Dokar jirgi ce, Alhaji," in ji Anti, tana share hawayen dariya. "Babu ɗaukaka ƙara." Sai ta tsaya cak. "Tsaya. Ni kuma ina aka kai ni?"

Samarin biyu suka zo suka dafa kafaɗunta, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna washe baki. Anti ta kalli takalman ƙwallon da ke ƙafafunsu, ta ce a nemo mata turaren wuta buhu guda, ko a ba ta kwale-kwalen da 'yarta ta nema.

Duk wannan hidimar, Kaka tana kallon kifayen alli kamar ba ta jin Hausa. Sai da hayaniyar ta lafa ta kira auta, ta tambaye ta wane irin takalmi ake sawa a cikin jirgin ruwa. Nan take na zauna a kan gadon alli na tura sunayen, yatsuna duk kala.

Mun yi tafiyar. Kullum bayan sallar asuba Kaka tana kan kujera a jikin taga da carbinta, ba ta magana, sai lokaci-lokaci ta girgiza kai ta ce ikon Allah. Ko shafi ɗaya ban karanta ba, don 'yar Anti ba ta san shiru ba, kuma ban yi kewar littattafan ba. Wata yamma ni da Kaka muna zaune a saman jirgin, sai ga Baba da Mama suna tafe a hankali, yana riƙe mata jaka, tana yi masa dariyar da ban taɓa ji ba. Kaka ta hango su kafin su hango mu. Ta juya kujerarta wajen ruwa, ta ce mini, "Malama, kalli can, kamar kifi na gani."

Daga ranar allin nan na koyi cewa idan za ka raba wa mutane wurin kwana, auna gado da bango shi ne mafi sauƙin aikin. Sai ka san wa ke kunyar wa, kuma su wa suka daɗe ba a bar su su biyu ba. Wannan ba a samunsa a takardar kamfani, sai ka ɗaga kai ka kalli mutanenka, kuma idan abin ya zo kanka, ka buɗe baki ka faɗa ko muryarka na rawa.