Mai Fitila da Rana Tsaka

Duk wanda ya san tashar Kankiya ya san shuɗiyar a-kori-kurar nan da ke tafe da fitilu a kunne da rana tsaka. Ta maigidana ce. Ba zan kama sunansa ba. Shekara arba'in da wani abu ban kama ba, ba kuwa yau zan fara ba. Ku dai kun san shi da Mai Fitila. Ni ban yi karatu ba, ƙanena Idi ne ke rubutawa ina faɗa, yanzu da na fita takaba. Na ce masa ko na yi kuka kada ya ajiye alƙalami.

Rana na dukan ƙeya, shi kuwa na gaba a kunne, na baya a kunne, har na saman kansa. 'Yan kabu-kabu su bi shi suna ihu: "Baba, ka manta fitila a kunne!"

Sai ya leƙo ta taga. "Ban manta ba. Rana na nata aiki, ni ina nawa. Ita ke saya min batir?"

Kun yi dariya, ni ma na yi da farko. To bari in faɗa muku abin da ni kaɗai na sani, don ya yi min nauyi a ƙirji. Idonsa ne ke tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi kaɗan-kaɗan, shi kuwa ya ce laifin fitila ne.

Kun san da can mutum ne da bai yarda da sabon abu ba. Ƙwan fitilar mota ko ya ƙone ba ya jefarwa. Akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, cike da matattun ƙwai. Wata rana ina shara na ɗauko shi zan kai juji.

"Asabe! Ina za ki da dukiyata?"

"Haba Malam, matattu ne fa."

"Kakarki ma ta mutu, juji kika kai ta? Abin da ya taɓa yi maka haske ba ka jefar da shi."

Na mayar da gwangwani inda yake, ina cewa a raina Allah ya shirya.

To wannan mutumin ne, bara waccan, ya tashi da ƙafarsa ya je wurin Usaini mai riwaya, wanda ke gyaran wayoyin mota a bayan tasha, ya ce a cire masa jajayen ƙwan nan na da, a sa masa sababbi masu farin haske, waɗanda ake ce wa el-i-di. Usaini da bakinsa ya ba ni labarin, ranar da ya zo gaisuwa.

"Na gaba biyu ko, Baba?"

"Duka."

"Duka ina?"

"Gaba, baya, wajen lamba, saman kaina, wajen ƙafata, har bayan da ake zuba kaya."

"Baba, mota ce ko kantin magani?"

"Kai dai ɗaura. An ce ba su cin batir. Duk abin da ba shi da ci, abokin zamana ne."

Usaini ya ce da ya gama sai ya so ya sunkuyar da na gaba, don farin ƙwai a tsohon gidan fitila yakan watsu ya shiga idon mai zuwa. Malam ya ture shi, ya tsaya a gaban motar, ya buɗe ido tangararan cikin hasken, ya ce, "Ɗaga ta dai. Wannan ai aci-balbal ce." Usaini ya ce shi da ke gefe sai da idonsa ya yi ruwa. Ya ce min, "Wallahi Inna, na ɗauka taurin kai ne." Tsofaffin ƙwan kuwa, Malam ya ƙulle su a hankici ya kawo wa gwangwani.

Daga nan mota ta zama abin kallo. Akwai Dije, wata Bafulatana mai tallan nono daga wajen Sukuntuni, da ke hawa motarsa ranar kasuwa. Ba su haɗuwa ba su yi ba. Ta ɗora ƙwaryarta a baya, fitilar kaya ta haske ta fes.

Ya ce, "Madalla! Yau kowa zai ga ruwan rijiyar da kika ƙara wa nono."

Ta ce, "Kaɗo, da duk hasken nan naka, ba kai ne jiya ka yi wa buhun gero sallama ba? Har kana tambayarsa iyali!"

Tasha ta kwashe da dariya. Malam ya ce, "Buhun ya fi ki ladabi, bai mayar min da magana ba."

Da labarin ya iso gida ban yi dariya ba. Na riga na ga yana laluben buta tana gabansa. Na ga ya zuba kunu a gefen kofi, ya sa ƙafa ya rufe wurin da ƙasa don kada in gani. Bayan ya dawo sallar azahar na tare shi a zaure.

"Malam, mu je asibiti a duba idon nan. An ce ana cire yana, mutum ya koma gani."

"Wa ya ce miki ba na gani?"

"Wane zane ne a jikina?"

Ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce, "Na mata."

Wayyo Allah, a nan na fashe da kuka. Ya kama hannuna ya ce, "Asabe, su sa min wuƙa a ido? In suka ƙarasa shi fa? Kuma ranar da tasha ta ji, wa zai ƙara ɗora min ko kaza? In zauna a gindin bango ana ce min sannu? Ki rufa min asiri."

Na rufa. Wannan shi ne laifina, Idi, rubuta shi yadda na faɗa.

Sai muka yi dabara. Na ce zan riƙa kai daddawa kasuwar Kusada, don in samu zama a gaba kusa da shi. In akwai rami sai in taɓa gwiwarsa sau ɗaya. In dabba ce ko mutum, sau biyu. In na matse gwiwar, birki ke nan. Haka muka yi ta yi har damina ta zagayo. Mutane suka ce tsufa ya zo wa Mai Fitila da soyayya. Wani direba ya ce, "Baba, ko a mota ba a sakin gwiwa?"

Ya ce, "Kai da taka matar ba ta taɓa ko inuwarka, me ka sani?"

Ni kuwa ina murmushi kawai. Kullum muka sauka lafiya sai in ce gobe zan faɗa wa ɗanmu da ke aiki a Katsina ya zo ya karɓe makulli. Gobe ta yi, in dubi yadda yake goge fitilun nan ɗaya bayan ɗaya da gefen rigarsa, in kasa.

Ranar da abin ya faru zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Shi kuma ya yi wa wani manomi alkawarin kai masa taki Kusada. Na ce ya bari sai na tashi. Ya ce shuka ba ta jiran mai zazzaɓi. Na lallaɓa na tura makulli cikin tukunyar dawa. Ina kwance sai na ji mota ta tashi. Ashe yawan zama wurin Usaini ya koya masa haɗa waya! Na fito ina jan jiki, ban ga komai ba sai jajayen fitilun baya suna shan kwana.

Ya kai takin lafiya. A hanyar dawowa, bayan la'asar, hadari ya haɗo, gari ya yi duhu. Wajen ƙauyen Boko ruwa ya cinye gefen wata kwalbati. Mai ido zai kauce. Da ina nan, matsa ɗaya ce. Allah ya taimaka shi kaɗai ne a ciki. Mutanen da ke dawowa daga gona suka hango farin haske yana kallon sama daga cikin kwazazzabo, shi ya kai su wurinsa.

Kwana uku ya yi a asibiti. Ƙirjinsa ya daki sitiyari, numfashi da ƙyar. Da Usaini ya zo duba shi, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ƙwai nawa suka fashe?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Kun ji ko? Na ce muku suna da ƙarko."

Ɗaki ya yi dariya, har mai jinya. Shi ma ya so ya yi, tari ya hana shi.

A rana ta uku da hantsi, taga a buɗe, rana ta cika ɗakin, ƙwan lantarki ma na ci a samanmu. Ya lalubo hannuna ya ɗora a gwiwarsa. Ya ce, "Asabe, kunna mana fitila mana."

Na ce, "An ɗauke wuta, Malam."

Ya ce, "Halinsu ne." Daga nan sai salati, har ya cika.

An jawo motar, tana nan ƙofar gida, ba za ta ƙara tashi ba. Usaini ya ce ƙwan duk suna da rai, akwai masu so. Na ce ya kwance min su. Na ƙulle su a hankicinsa na sa a gwangwani, tare da sauran.

Ku da kuka yi masa dariya, ba ku yi laifi ba, shi ma yana son a yi. Amma in kuna da wani tsoho da ya fara cewa fitilar gida ta rage haske, ku kama hannunsa ku kai shi a duba, ko yana zaginku. Kada ku yi irin kirkina.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe min shiruna. Allah ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a ɗaukewa. Amin.